Ƙwallo, Daɓe da Dokoki Biyu na Karo

Ƙwallon ƙafa da aka saki daga tsayin mita 2 takan iso daɓen siminti kafin cikar sulusi biyu na daƙiƙa, tana gudun kusan mita 6.25 a daƙiƙa. Da ta taɓa daɓen sai ta lotsa, ta tsaya cak, ta koma siffarta, ta tashi, duk a cikin kamar kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Sai dai ba ta komawa inda aka sake ta. Ƙwallo mai kyau da aka hura daidai takan kai wajen santimita 145 kafin ta juyo, tashi na biyu ya tsaya a 104, na uku a 75, haka har ta kwanta.

Abubuwa biyu ke buƙatar bayani a nan. Ƙwallon da ke gangarowa ta koma hawa: me ya juya ta, kuma ina tafiyar da ta zo da ita ta shiga? Sannan kowane tashi bai kai wanda ya gabace shi ba: ina ragowar? Tambayoyin suna kama da juna, amma kowace da dokarta, kuma yawancin ruɗanin da ɗalibai ke faɗawa ciki a wannan fanni daga cakuɗa dokokin biyu yake tasowa.

Ma'aunai biyu na motsi

Ma'auni na farko shi ne momentom, wato nauyin abu sau gudunsa. Nauyi a nan na nufin yawan kilon abu, wanda ba ya canzawa ko an kai abin duniyar wata. Dokokin wasa sun ƙayyade nauyin ƙwallon ƙafa tsakanin giram 410 zuwa 450. In aka ɗauki 430, momentom ɗinta a lokacin da ta iso daɓe shi ne 0.43 sau 6.25, kusan 2.7 ke nan. Babban halin wannan ma'auni shi ne yana da alƙibla. In sama ta zama ƙari, ƙasa ta zama ragi. Ƙwallaye biyu masu nauyi ɗaya da suka doshi juna da gudu ɗaya, jimillar momentom ɗinsu sifiri ce, ko da kowace tana tsala gudu.

Ma'auni na biyu shi ne makamashin motsi: rabin nauyi, sau gudu, sau gudu kuma. Shi ba ruwansa da alƙibla, ba ya zama ragi, kuma da jul ake auna shi. Ƙwallon da ake magana a kai ta iso daɓe da jul 8.4. Kafin a sake ta, makamashin yana ajiye a tsayin da aka ɗaga ta zuwa, ana samunsa ta hanyar ninka nauyi da jan ƙasa, wanda yake 9.8, da kuma tsayi: 0.43 sau 9.8 sau 2, jul 8.4 ɗin nan dai. Da yake gudu sau biyu yake shiga lissafin makamashi, in gudu ya ninka biyu, momentom ya ninka biyu, makamashi kuwa ya ninka huɗu.

Dokar farko ta ce a kowane karo, jimillar momentom na abubuwan da suka yi karon ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, muddin babu wani ƙarfi daga waje da ya sa hannu. Doka ta biyu ta ce jimillar makamashi ma haka take, amma da sharaɗin a lissafa dukkan siffofinsa, har da zafi da ƙara. Momentom ba shi da wata siffa da zai rikiɗe zuwa gare ta. In ya bar wannan abu, to yana jikin wancan. Makamashin motsi kuwa yana iya zama zafi, ya fita daga lissafin motsi gaba ɗaya.

An daɗe kafin a rarrabe su. René Descartes na Faransa, a littafinsa na 1644, ya ce yawan motsin da ke duniya ba ya canzawa, ya auna shi da girman abu sau gudunsa, amma bai saka alƙibla ba. Wannan giɓi ya ɓata kusan dukkan ƙa'idojin karo da ya tsara, har ya ce ƙaramin abu ba zai taɓa motsa babban da ke tsaye ba, komai gudun da ya zo da shi, abin da duk yaron da ya taɓa jifan tulu da dutse zai musanta. A 1668 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta nemi a warware matsalar, John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens na ƙasar Holan suka aiko da amsoshinsu. Wallis ya fi mai da hankali kan abubuwan da ba sa tashi bayan karo, sauran biyun kan masu tashi sosai. Huygens ne ya lura cewa a karon ƙwallaye masu tauri, ban da momentom, nauyi sau gudu sau gudu ma ba ya canzawa. Daga 1686 Gottfried Leibniz na Jamus ya dage cewa wannan na biyun shi ne ainihin ma'aunin motsi, aka shafe shekaru fiye da hamsin ana jayayya. A 1722 Willem 's Gravesande ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla cikin yumɓu mai laushi a Leiden, ya ga in gudu ya ninka biyu, ramin da ƙwallo ke yi yana ninka huɗu. Émilie du Châtelet ta kafa hujja da wannan gwaji a littafinta na 1740. Kowane ɓangare yana da gaskiya, abubuwa biyu daban suke aunawa. Cikon bayanin bai zo ba sai shekarun 1840, lokacin da James Joule ya auna yawan aikin da ke zama wani ƙayyadadden zafi.

Ina momentom ya tafi?

Ƙwallon ta zo da 2.7 zuwa ƙasa, ta tashi da gudun mita 5.3 a daƙiƙa, wato momentom 2.3 zuwa sama. Mai gaggawa zai ce ta yi asarar 0.4. Ba haka ba ne. Sai an kashe 2.7 ɗin da ta zo da shi, sannan a ba ta 2.3 a ɗaya alƙiblar, saboda haka canjin ya kai 5. In ƙwallon kaɗai aka duba, dokar ta rushe. Amma ƙwallon ba ita kaɗai ta yi karon ba. Daɓe yana manne da ƙasa, ƙasa kuwa duniya ce sukutum, ita ce ta karɓi 5 ɗin.

Nauyin duniya ya kai kilo 6 da sifiri 24 a bayansa. In aka raba 5 da wannan adadi, gudun da duniya ta samu ya yi ƙanƙantar da ko ta ci gaba da shi na tsawon shekara biliyan 13.8, shekarun da masana ke ƙiyasta wa sararin samaniya, ba za ta gusa da kaurin silin gashi ba. Ba ma ta samun damar ci gaban. Tun ƙwallon tana faɗowa duniya take tasowa gare ta, domin jan da ke tsakaninsu na juna ne. Bayan karo su rabu, sannan su sake janyo juna. Jimillar momentom ɗinsu sifiri ce tun daga sakin ƙwallon har kwanciyarta.

Akwai wani abu da ke biyo bayan wannan. Duniya ta karɓi momentom daidai da na ƙwallon, amma kusan ba ta karɓi makamashin motsi ko kaɗan ba, saboda gudunta da ya riga ya yi ƙanƙanta sai an sake ninka shi da kansa. Abu mai tsananin nauyi yana iya shanye momentom komai yawansa ba tare da ya ɗebi makamashi ba. Shi ya sa bango da daɓe suke mayar da ƙwallo.

Ƙarfi da lokaci

Canjin momentom daidai yake da ƙarfin da aka yi sau tsawon lokacin da aka yi shi; wannan ita ce dokar motsi ta biyu ta Isaac Newton. Canjin 5 a cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa yana buƙatar matsakaicin ƙarfi na nyuton 500, kwatankwacin nauyin buhun siminti mai kilo 50. Ƙwallon da ba ta kai rabin kilo ba ta danna daɓe da abin da ya ninka nauyinta fiye da sau ɗari. Shi ya sa ake iya ƙyale jan ƙasa a lissafin ɗan lokacin karon: bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da ƙarfin bugun.

Curin yumɓu mai nauyi ɗaya da ƙwallon, in ya faɗo ya manne, 2.7 kawai zai miƙa wa daɓe. Abin da ya tashi ya fi abin da ya manne tura abin da ya buga. Ta ɗaya gefen kuma, mai tsaron gida da ke janyo ƙwallo zuwa ƙirjinsa yayin kamawa ba ya rage momentom ɗin da zai kashe ko da ƙwayar zarra, lokacin yake ja, ƙarfin ya ragu. Jakar iska ta cikin mota da gaban motar da aka ƙera don ya lotsa a haɗari, duk wannan lissafin ne.

Ina makamashi ya tafi?

A tsakiyar karon akwai lokacin da ƙwallon ke tsaye, ba ta da makamashin motsi ko ɗis. Jul 8.4 ɗin nan yana ajiye a cikin iskar da aka matse da fatar da ta lanƙwashe. Da iskar ta turo fatar waje, sai yawancinsa ya koma motsi. Wanda bai dawo ba, kamar jul 2.3 ko kashi 28 cikin ɗari, ya tafi ne a gogayyar da dogayen ƙwayoyin roba da zaren rufin ƙwallon ke yi da juna yayin lanƙwasa da miƙewa. Kaɗan ya tafi a girgizar daɓe, kaɗan a iskar da ƙwallon ta keta, ɗan mitsitsi kuma a ƙarar da kunne ke ji. Daga bisani duka zafi suke zama. Hannu ba zai ji shi ba, don ɗumin da tashi ɗaya ke ƙara wa ƙwallon ƙafa bai kai kashi ɗaya bisa ɗari na digiri ba. 'Yan wasan sukwash kuwa suna ji: ƙaramar ƙwallonsu ta roba ba ta tashi sosai tana sanyi, sai an yi ta buga ta da bango ta ɗau ɗumi kafin wasa ya kankama.

Newton ne ya kawo lambar da ake auna wannan asara da ita. A littafinsa Principia na 1687 ya bayyana yadda ya rataye ƙwallaye da zare yana gwara su, ya ga gudun da suke rabuwa da shi wani ƙayyadadden kaso ne na gudun da suka haɗu da shi: 5 bisa 9 ga ƙwallayen ulu da aka ɗaure tamau, 15 bisa 16 ga na gilashi. Wannan kaso shi ne ma'aunin tashi. In ya kai 1, karon bai ci makamashi ba. In sifiri ne, abubuwan sun manne. Na ƙwallon ƙafar nan 5.3 bisa 6.25 ne, wato 0.85. Tsayin tashi kuwa yana bin wannan lamba sau kanta, 0.85 sau 0.85, kusan 0.72, kuma daga nan aka samu santimita 145 cikin 200.

Hukumomin wasanni da wannan suke tantance kayan wasa. FIFA tana sakin ƙwallo daga mita 2 a kan farantin ƙarfe, kuma mai neman babbar shaidar inganci sai ta tashi tsakanin santimita 135 zuwa 155. Ƙwallon tanis daga santimita 254 ake sakin ta, ana son ta tashi tsakanin 135 zuwa 147, ma'aunin tashinta tsakanin 0.73 da 0.76 ke nan. A ƙwallon tebur, teburin ma sai an gwada shi: ƙwallon da aka saki daga santimita 30 ta tashi wajen 23.

Misalin teburin yana nuna cewa lambar ba ta ƙwallo kaɗai ba ce, ta ƙwallo ce da abin da ta buga. Ƙwayar boris ta ƙarfe a kan uwar maƙera mai kyau takan dawo kusa da hannun da ya sake ta, har masu sayen uwar maƙera a wasu ƙasashe da haka suke gwada taurin fuskarta. A saki ƙwayar nan a kan rairayi, sai ta nutse ko motsi babu, domin ƙwayoyin yashi sun goge juna sun gusa, ba kuma za su koma mazauninsu ba. Shi ya sa ƙwallo ke mutuwa a filin yashi. Ƙwallon da iskarta ta ragu ma ba ta tashi sosai, don fatarta ce ke shan lanƙwasar, ita kuwa fata ta fi iska cin makamashi nesa ba kusa ba. Lambar tana raguwa kuma in gudun karo ya ƙaru, saboda haka kimantawa ce mai amfani, ba doka ba ce irin biyun farko.

In aka ɗauka lambar ba ta canzawa, lissafi zai ce ƙwallon ba za ta daina tashi ba, don kashi 72 cikin ɗari na kowane tsayi ba ya zama sifiri. Amma lokacin kowane tashi yana raguwa da 0.85, kuma in aka tara waɗannan lokuta marasa iyaka, jimillarsu tana da iyaka: kusan daƙiƙa 8. Wannan ne sautin da ake ji yana ƙara sauri kafin ya ɗauke. A zahiri, da tashin ya gaza lotsawar ƙwallon, ba ta ƙara barin daɓe, sai ɗan kaɗawa a wuri ɗaya.

Bugun karkace da juyi

Ƙwallon da ta zo a karkace, tafiyarta kashi biyu ce: wadda ta doshi daɓe kai tsaye, da wadda ke bin shimfiɗarsa. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi wannan rabo a Kitabul Manazir tun ƙarni na 11, inda ya kwatanta dawowar haske daga madubi da dawowar ƙwallon da aka jefa wa abu mai tauri. Kashi na farko ne ke juyawa ya ragu da ma'aunin tashi. Na biyu, in babu gogayya, yana nan yadda yake.

Gogayya kuwa ba a rasa ta. Daɓe yana riƙe ƙasan ƙwallon na ɗan lokaci, saman ya ci gaba, sai ta tashi tana juyi, gudunta na gaba ya ragu, wani kaso na makamashin ya koma makamashin juyi. Masu sharhin wasa kan ce ƙwallo tana ƙara gudu a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ba ta ƙarawa; santsi ne ya hana ta rage gudun da mai tsaron gida ya saba gani tana ragewa. Wadda ke iya ƙara gudun gaba da gaske ita ce wadda ta zo tana juyi da ƙarfi zuwa gaba, domin tana da ajiyar da za ta ɗiba. Ƙwallon roba mai suna Super Ball, wadda kamfanin Wham-O ya fara sayarwa a Amurka a 1965, tana kama daɓe ba ta zamewa, har in aka jefa ta ƙarƙashin tebur ta bugi ƙasa ta bugi cikin teburin, sai ta juyo wajen wanda ya jefa ta.

Ƙwallo da ƙwallo

In ƙwallaye biyu suka yi karo gaba da gaba, abubuwan da ba a sani ba biyu ne, gudun kowace bayan karo. Dokokin ma biyu ne, saboda haka a karon da bai ci makamashi ba amsar ɗaya ce tak. In aka haɗa dokokin sai a samu ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: gudun rabuwa daidai yake da gudun haɗuwa.

Masu nauyi ɗaya musayar gudu suke yi. A teburin sunuka, farar ƙwallo da ta bugi wata a tsakiya ba tare da juyi ba takan tsaya cak, ɗayar ta tafi da gudunta. In ta goge ta a gefe, su rabu a kusurwar da ta yi kusa da digiri 90, abin da gwanayen wasan suka sani ko ba su taɓa ganin lissafinsa ba. Da a ce ƙwallayen biyu mannewa suka yi, da sun tafi tare da rabin gudun, momentom bai canza ba, rabin makamashin motsi kuwa ya zama zafi. Iyakar asarar da za a iya yi ke nan. Dokar momentom ba ta yarda su tsaya gaba ɗaya ba.

Huygens ya samo sauran amsoshin ta wata dabara. Ya ƙaddara mutum a cikin kwalekwalen da ke tafiya yana gwara ƙwallaye biyu, wani kuma a bakin gaɓa yana kallo. Karo ɗaya ne, amma kowa da gudun da yake gani, kuma bambancin shi ne gudun kwalekwalen. Da haka ake mayar da karo mai wuya ya zama mai sauƙi. Ƙafa mai gudun mita 20 a daƙiƙa ta doshi ƙwallon da ke ajiye. A wajen ƙafar, ƙwallon ce ta taho da gudun 20, kuma in ƙafar ta fi ta nauyi ƙwarai, karon kuma bai ci komai ba, za ta koma da 20. A wajen ɗan kallo sai a ƙara gudun ƙafar, ya zama 40. Wannan shi ne iyaka: abin da ke ajiye ba ya tashi da fiye da ninki biyu na gudun abin da ya buge shi. A fili ba a kusantar iyakar, amma ƙwallon da aka buga da kyau takan fi ƙafar gudu.

Ƙarama a kan babba

A ɗora ƙwallon tanis a kan ƙwallon kwando, a sake su tare daga tsayin ƙugu. Ƙaramar takan yi sama ta wuce kan mutum, wani lokaci har rufin ɗaki, kamar an samo makamashi daga babu.

Karo biyu ne a jere. Babbar ta fara bugun daɓe ta juyo sama, alhali ƙaramar tana kan gangarowa da gudu iri ɗaya. A ce gudun mita 4 ne a daƙiƙa. Suna haɗuwa da gudun 8, saboda haka da 8 za su rabu. Babbar kuwa tana hawa da 4, kusan ba ta ji bugun ba, sai ƙaramar ta tashi da 8 a kan 4, wato 12. Gudu ninki uku, tsayi ninki tara. Wannan in babbar ta fi ƙaramar nauyi ba iyaka, kuma babu asara. Ƙwallon kwando kusan giram 600 ce, ta tanis 58, sai lissafin ya sauko zuwa tsayi ninki bakwai, asarar karo biyun ta sake rage shi sosai.

Wanda ya kalli babbar ƙwallon maimakon ƙaramar zai ga inda makamashin ya fito, don tashinta ya gaza wanda take yi ita kaɗai. In ta ƙasan ta ninka ta saman sau uku daidai, lissafi ya nuna za ta tsaya cak a daɓe, ƙaramar ta kwashe makamashin duka ta tashi ninki huɗu: kilo huɗu daga mita ɗaya sun zama kilo ɗaya a mita huɗu. In aka jera uku, kowace ta fi ta samanta nauyi ƙwarai, gudun ta saman zai kai ninki bakwai, tsayi ninki 49. Mai gwadawa ya kare idonsa, don ƙaramar ba kasafai take tafiya sama sak ba.

Kumbon Voyager 2 da Amurka ta harba a 1977 da wannan lissafi ya yi tafiyarsa, ko da yake bai taɓa komai ba. Ya ratsa kusa da duniyar Jupiter a 1979, janta ya lanƙwasa hanyarsa. A wajen Jupiter, da gudun da ya shigo ya fita. A wajen rana kuwa ya ƙaru, domin Jupiter tana gudun kusan kilomita 13 a daƙiƙa, ita ce babbar ƙwallon. Haka ya yi da Saturn a 1981 da Uranus a 1986, ya isa Neptune a 1989.

Inda dokokin biyu ba su isa ba

Akwai abin wasan nan na kan tebur, ƙwallayen ƙarfe biyar rataye a jere, da ake jingina wa Newton. A ɗaga biyu a saki, biyu su fita a ɗaya ƙarshen. Me ya hana ɗaya ta fita da ninki biyu na gudun? Momentom zai daidaita, amma makamashi zai ninka biyu, abin da ba ya yiwuwa. Littattafai da yawa a nan suke tsayawa, amma bayanin bai cika ba. Da ƙwallaye sun wuce biyu, abubuwan da ba a sani ba sun fi dokokin yawa. A jerin uku, ta farko tana iya komawa baya da sulusin gudunta, sauran biyun su tafi tare da sulusi biyu, kuma dokokin duka sun cika. Abin da ke zaɓar wadda za ta faru shi ne yadda matsi ke ratsa jerin daga ƙwallo zuwa ƙwallo, wanda ya dogara da yadda ƙarfe mai zagaye ke lotsawa, batun da Heinrich Hertz ya yi wa lissafi a 1882. Dokokin suna faɗar abin da ba zai yiwu ba. Ba kullum suke faɗar abin da zai faru ba.

Karo a cikin ƙwayar zarra

Karon da bai ci makamashi ko kaɗan ba, ba a samunsa a ƙwallayen hannu, amma a tsakanin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra abu ne na kullum. A 1932 James Chadwick, a Cambridge ta Ingila, yana binciken wani abu marar caji da ke fita daga ƙarfen beriliyom. Ba ya iya ganinsa, amma yana iya auna gudun cibiyoyin haidurojin da na naitirojin da abin ya buga. Da ya saka gudun biyu a dokokin karo, sai nauyin abin ya fito kusan daidai da na furoton, wato cibiyar haidurojin. Haka aka gano niyutiron.

Bayan shekara biyu, Enrico Fermi da abokan aikinsa a birnin Rum suka ga niyutiron da ya ratsa kakin farafin ya fi shiga cibiyar zarra, saboda gudunsa ya ragu. Dalilin shi ne na teburin sunuka. Niyutiron da ya bugi cibiya mai nauyi kamar ta yuraniyom, dawowa yake yi da kusan dukkan makamashinsa, kamar ƙwallo da bango. In ya bugi furoton, wanda suke nauyi ɗaya, yana iya miƙa masa duka a bugu guda. Niyutiron da ya fito daga tsagewar yuraniyom yana buƙatar karo kamar 18 da haidurojin kafin ya lafa yadda ake so, kamar 114 da kabon, fiye da 2,000 da yuraniyom. Shi ya sa yawancin tashoshin nukiliya na duniya da ruwa suke rage gudun niyutiron, wasu kuma da girafait. Ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, da tataccen ruwa take wannan aiki, an kuma kewaye cibiyarta da beriliyom don ya riƙa mayar da niyutiron da suka nufi waje zuwa ciki.